Injin da Aka Cire wa Motar Baba

Auta,

Sallama da gaisuwa daga gida, da fatan takardar nan ta same ka tsaye da ƙafafunka. Mu lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kaji, ka san alamar lafiyarta ke nan. Baban yara yana gaishe ka. Yara suna tambaya wai da gaske ne a wurin aikinku na madatsar ruwa waya ba ta shiga, sai motar abinci ta kai muku wasiƙa? Na ce da gaske ne, suka ce to kawunsu ya bar duniya.

Maganar akori-kurar Baba ce ta zaunar da ni. Ka san tun da Allah ya karɓi abinsa ni na karɓi sitiyari, ina kwaso wa matan lambu tumatir da ganye da albasa daga bakin kogi zuwa kasuwa, yadda ya yi shekara ashirin yana yi. To motar ta gaji, ko kuma da ni ta gaji. Da safe sai an tura. Hayaƙin da take yi kuwa, na bayana sai ya kunna fitila. Hawan nan na bayan gada da Baba ke hayewa yana hira, ni sai na sauko giya ta ɗaya, ina roƙon Allah ina roƙonta. Makon jiya ta mutu mini a tsakiyarsa, tumatir ya sha rana har ya fara tsiyaya. Mata uku sun kwashe kayansu sun koma motar Kawu, kuma ban ga laifinsu ba.

Kawu ya duba ta a garejinsa. Ya ce inji ya mutu murus, gyara ɓata lokaci ne, in bar masa ita ya cire abin da zai ciru, saura ya tura wa masu sayen tsohon ƙarfe, mu nemi wata. Inna ta ce ƙaninta bakanike ne, ya fi mu sanin mota, mu bi maganarsa.

Ni dai abu ɗaya ke yi mini yawo a kai. Ba shekara guda kafin ciwonsa Baba ya ɗora mata inji ba? Har ya ce wannan jikokinsa ma sai sun ja shi. Ta yaya zai mutu cikin shekara biyu? Ko hannuna ne mugu?

Ka faɗa mini ra'ayinka tsakani da Allah, mu gyara ko mu canza. Motar tamu ce mu biyu, ba zan yanke ni kaɗai ba.

Yayarka.

Yaya,

Na amsa sallamarki, Allah ya bar mana ke. Takardarki ta iso a tsakanin buhunan shinkafa tana ƙamshin albasa, na ji kamar na shigo gida. Lafiyata ƙalau, illa tafin hannuna da siminti ya cinye. Ki gaida Inna, ki ce ta sassauta wa kaji. Ki ce wa yara kawunsu yana duniya, a can ƙarshenta dai.

Ra'ayina a canza. Ba na son in riƙa tunanin kina tsakiyar hawa da motar da ke mutuwa, ga kaya, ga birkin da ba tabbas. Abin da nake tarawa a nan ba don in riƙa kallo ba ne, mu nemi wata mai sauran ƙuruciya. Mota ƙarfe ce, Yaya. Baba ba ya cikinta.

Sai dai tambayarki ta hana ni sakat. Ni na raka Baba ranar da aka ɗora injin nan, murɗa ɗaya ya tashi, ko tari bai yi ba. Saboda haka kafin ki bar wa kowa ita, ki ɗaga kujerar direba. Akwai wata leda a ƙasa, a ciki Baba ya ajiye takardar injin, da lambar da aka buga a jikinsa. Ki kai motar da takardar wurin Mai Gilashi, tsohon bakaniken nan na bayan tasha, shi ya ɗora injin da hannunsa. Ba wai ina zargin kowa ba, a dai ji ta bakin mutum na biyu. Kada Inna ta ji, za ta ce mun raina ƙaninta.

Hannunki kuma ba mugu ba ne. Ni ne na taɓa shiga da ita cikin shingen maƙwabta, ke ko gogarta ba ki taɓa yi ba.

Ƙaninki,
Auta.

Auta,

Gaisuwa a gajarce, yau ba ni da doguwa. Kowa lafiya, ta jiki dai.

Na samu ledar inda ka ce. Na lallaɓa motar har wurin Mai Gilashi. Ya ɗaga bonet ya tsaya yana kallo, ko taɓawa bai yi ba, sai ya ce, "'Yata, wa ya ba ki wannan gawar?" Ya goge wurin lambar da tsumma, ya dubi takarda, ya dubi inji, ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. Ya ce wannan ba shi ne abin da ya ɗora wa Baba ba, wannan injin ya girme ni.

Ka tuna mako ukun da Baba ya yi a asibiti? Wa ya zo ya karɓi makulli, ya ce mota ba ta son zama, zai riƙa tayar da ita a garejinsa?

Ban biya gida ba. Na tarar da Kawu a kan benci yana cin abinci, motarsa a gefe bonet a buɗe tana hucewa. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mana, sannan na wuce na leƙa da takardar a hannuna. Auta, ko lamba ɗaya ba ta sauka ba. Na karanta masa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ka san abin da ya ce? "Ubanki ne ya ba ni. Me kika sani a maganar da ke tsakanin maza?" Ya ci gaba da cin abincinsa. Taunawa yake yi, Auta, yana kallona.

Na faɗa wa Inna, ta sa yatsu ta toshe kunne. Ta ce ƙanin da ta goya a bayanta ba ɓarawo ba ne, wataƙila da gaske Baba ya ba shi. Na ce Baba zai ba da injin da muke ci da shi, ya bar mana wanda ba ya tashi? Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Matar Kawu kuwa tun ranar ta samu aiki. Rumfa rumfa take bi tana cewa na kashe mota da tuƙin mata, yanzu ina neman wanda zan liƙa wa. Wai kaina ya taɓu tun rasuwar Baba. Jiya a gaban mai albasa ta tsaya tana kwaikwayon yadda nake tura mota, har da nishi, mutane na dariya. Saura kaɗan in shaƙe ta.

Ba na son sabuwar mota, ko kyauta ce. In na sayi wata, na yarda ke nan ni na kashe wannan. Motar nan za ta tashi, kuma sai Kawu ya yi da-na-sanin ranar da ya koyi riƙe sifana.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Direban motar abinci yana danna mini hon, hadari ya haɗo, yana so ya wuce kafin ruwa. A tsaye na karanta takardarki. Ki rabu da ita kawai, ba ta kai ki ɓata ranki a kanta ba, ba abin da ta iya sai hayaniya. Sauran magana sai mota ta gaba. A gaida Inna.

Auta.

Auta,

Ina fatan kana lafiya, tunda ba ka ga damar sanar da mu ba. Mako shida ke nan ina jiran "sauran magana". Inna ta yi mura ta warke. Yara lafiya.

Layi huɗu. Na rubuto maka cewa an yi wa mahaifinka fashi yana kwance a gadon asibiti, ka amsa mini da layi huɗu, ka ce in rabu da ita, ba ta kai ba. Motar da ta ciyar da kai, ta kai ka makaranta a bayanta tsakanin kwanduna, ita ce ba ta kai ba? Ita ce mai hayaniya? Abin da Kawu ya faɗa ke nan, kai dai ka ƙara masa gishiri. Ka riƙe abin da ka tara, ka sayi man shafawa ka gyara tafin hannunka.

Ga abin da na yi ba tare da kai ba. Na ɗauki takardar injin na nufi ofishin 'yan sanda. Ban san wa ya tsegunta wa Inna ba, sai ga ta a bayana da ƙafar nan tata, ta riƙe mini mayafi a tsakiyar titi. Ta ce in na kai ƙaninta wurin hukuma, in haɗa da ita a rufe su tare. Tana kuka, mutane na kallo. Na yi mata alkawari ba zan kai shi ba, kuma ba zan karya ba. Ya tsira daga hukuma, amma bai tsira daga hannuna ba.

Na sayar da kekena na ɗinki da 'yan kunnena. Mai Gilashi ya samo mini inji daga wata akori-kura da ta yi hatsari, ya ce lafiyarsa lau. Ya buga bodin motarmu da tafin hannu ya ce irin wannan ƙarfen an daina yi, na yanzu gwangwani ne. An ɗora inji, amma taya duk sun suɗe, birki ya ƙare, don haka tana can a kan duwatsu tana jira, ni ma ina jira.

Matan lambu duk sun koma wurin Kawu, sai biyu da suka ce gara su tura kayansu a baro har in dawo. Kullum da safe sai ya biyo ta ƙofar gidanmu da kaya, alhali ba hanyarsa ba ce, ya tsaya ya gaida Inna bai kashe mota ba. Daga ɗaki nake jin injin. Na san muryarsa kamar yadda na san ta Baba. Sai in zauna in danne cinyata da hannu har ya wuce.

Ba sai ka amsa ba in kana sauri.

Yayarka.

Yaya,

Allah ya huci zuciyarki. Ina lafiya, kuma ban yi shiru da gangan ba. Ruwan ranar nan ya cinye hanya, mako bakwai ba motar da ta shigo, har shinkafa sai da aka riƙa auna mana da cokali. Yau hanya ta buɗe, yau takardarki ta zo, na karanta na zauna a ƙasa.

Matar Kawu nake nufi! Ita na ce ki rabu da ita, don na ga kin ce saura kaɗan ki shaƙe ta, na ji tsoron kada ki ja wa kanki ɗauri a kan bakin banza. Ta yaya zan ce motar Baba ba ta kai ba? Laifina ne da na rubuta a tsaye. Maganar da na yi a baya kuma cewa mota ƙarfe ce, na janye ta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, don a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Kwana biyu kafin rasuwar Baba, ina zaune a gefen gadonsa da rana, Kawu ya shigo da lemo a leda. Baba da ƙyar yake magana, amma sai da ya tambaye shi, "Kana tayar mini da ita kuwa?" Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Kullum da safe, kwantar da hankalinka." Na ga baƙin mai a hannun Kawu har gwiwa, na ce a raina, Allah sarki, mutumin nan yana wahala saboda mu. Godiya na yi masa, Yaya. Har bakin ƙofa na raka shi ina godiya. Wanda ya ba da kyautar inji ba zai tambaya ko ana tayar masa da shi ba. Tun da na gane haka abinci ba ya mini daɗi.

Shugaban aikinmu zai sauka gari gobe, na ba shi duk abin da na tara ya kawo miki hannu da hannu. Kada ki maido, in kika maido zan ce har yanzu kina fushi. Ki sa mata taya huɗu sababbi, a gyara birki, a ƙara mata sifirin don ta ɗauki nauyi, ki kuma nemi hon mafi ƙara da ake sayarwa. Ki fanso kekenki na ɗinki.

Alkawarin da kika yi wa Inna ni ban yi ba, amma zan riƙe shi saboda ke. Abu ɗaya nake so a duniyar nan. Ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, inda ba zai iya haɗiye shi ba.

Ƙaninki da bai yi sauri ba yau,
Auta.

Auta na,

Gaisuwa mai tarin yawa, ka yafe mini baƙaƙen maganganun da na yi maka. Saƙonka ya iso. Kowa lafiya. Nemi wuri ka zauna, wannan ba ta karatun tsaye ba ce.

Ranar Talata motar ta sauko daga kan duwatsu. Murɗa ɗaya, Auta. Mai Gilashi ya juya baya yana goge gilashinsa, ni kuwa na kifa kai a sitiyari.

Washegari na sauka bakin kogi. Kawu na ganina ya shiga haɗa kaya kamar mahaukaci, don kada ya bar mini ko kwando ɗaya. Ya loda, ya ƙara, ya ɗaure, har kayan suka wuce kan direba, mata huɗu kuma suka ɗare a sama. Ni na ɗauki matana biyu masu baro da 'yan kwandunansu na bi bayansa. Ban matse shi ba, ban kuma bar shi ya ɓace mini ba.

A tsakiyar hawan bayan gada na ga farin hayaƙi ya fito daga ƙarƙashin motarsa, sai wata ƙara kamar an buga ganga da guduma. Injin ya buga. Daga baya Mai Gilashi ya ce rabon injin da canjin baƙin mai tun a hannun Baba. Bakanike ke nan fa. Da na ji ƙarar nan hawaye ya zubo mini, ba don Kawu ba.

Na raɓa ta gefensa na haye da giya ta biyu, na tsaya a sama, na sauko da ƙafa. Rana ta take, hanyar ƙunci, motoci sun fara jeruwa a baya suna hon. Matan sai salati suke yi saboda tumatirinsu. Na durƙusa na ce, "Kawu, sannu da aiki. Tuƙin maza ne ya yi haka?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Kawo igiya ki ja ni."

Na ce, "Kayan mata zan kwashe, su ba ruwansu. Mota kuwa sai na san injin wane ne a ciki. In naka ne, ka nemi mai janwe. In na Baba ne, ba zan bar shi a hanya ba."

Muka shiga sauke kwanduna, direbobin baya suka fito, wasu na taya mu, wasu na zaginsa ya kauce musu. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya yi wata magana ƙasa ƙasa. Na ce, "Ban ji ba, Kawu, kunnena na mata ne."

Ya ce, "Na ubanki ne."

Na ce, "Shi ya ba ka?"

Wallahi har hon aka daina. Ya dubi matan, ya dubi direbobin, ya dubi ƙasa. Ya ce, "A'a."

Na ɗaura igiya. Akwai hanyar bayan gari da ta fi kusa, amma ta tsakiyar kasuwa na bi da shi, a giya ta ɗaya, hannuna a kan sabon hon ɗinka. Shi yana zaune a bayan sitiyarin da ba ya jan komai, matan lambu a bayana suna ba kowa labari tun kafin mu tsaya. Da muka zo daidai rumfar matarsa na ƙara rage gudu, na gaishe ta. Ban kai shi garejinsa ba, wurin Mai Gilashi na kai shi, aka sauke injin a gabansa. Ba zai ƙara tashi ba, amma na kawo shi gida, yana tsakar gida a lulluɓe.

Labari ya riga ni isowa wurin Inna. Na same ta zaune da mayafinta a kai, takalmi a ƙafa. Ta ce, "Kai ni gidan ƙanina." Ta shiga gaba ta zauna, muka tafi. Ba ta jima a ciki ba, ban kuma ji ɗaga murya ba. Sai ga ta ta fito tana jan akwatin kayan aikin Baba, wanda muka ɗauka ya ɓata. Ta hana ni taya ta, ita ta ɗora shi a baya.

A hanyar dawowa ta ce, "Ta kasuwa kika bi da shi?"

Na ce e.

"Da sauri ko a hankali?"

Na ce a hankali.

Ta daɗe tana kallon waje. Ta ce, "Da ubanku ne, ta bayan gari zai bi da shi, ya rufa masa asiri." Ina ta jiran faɗa. Muka wuce gada, muka wuce makaranta, sai ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Shi ya sa aka cire masa inji yana kwance."

Tun ranar ba ta ƙara ambatar sunansa ba, abinci ma kaɗan take ci. Wannan shi ne kawai abin da ke damuna, sauran kuwa ban yi nadamar ko taku ɗaya ba. Ka rubuto mata takarda tata daban, doguwa, a zaune. Ni zan karanta mata.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka.